Lente (kalmar Sifaniyanci)

Lente (jam'i: lentes) kalma ce ta harshen Sifaniyanci da ake amfani da ita a ilimin haske da gani. Ma'anarta ta farko ita ce guntun gilashi ko roba wanda haske ke ratsawa, wanda aka goge fuskarsa ɗaya ko duka biyun ta yi tudu ko kwarmi, domin ya karkatar da hasken da ya bi ta cikinsa ya fitar da hoto. Shi ne gilashin da ke cikin tabarau, da kyamara, da madubin likita, da na'urar hangen nesa. Idan kalmar ta zo a jam'i, a ƙasashe da dama na Latin Amurka tana nufin tabarau ɗin kansa da mutum ke sakawa a fuska. Kalmar tana daga cikin sunayen Sifaniyanci da ke karɓar jinsin namiji da na mace duka biyu, wato ana cewa el lente kuma ana cewa la lente. Jinsin da aka ba ta, da zuwanta a tilo ko jam'i, da ƙasar mai magana, su ne ke nuna abin da ake nufi da ita.

Furuci

Kalmar gaɓa biyu ce, len da te, kuma ana ƙarfafa murya a gaɓar farko. Ana furta wasulan biyu kamar yadda Bahaushe ke furta e a kalmar "lemo", sai dai ba a ja su. A kudancin Sifaniya da tsibiran Karibiyan, inda ake sassauta s ta ƙarshen kalma ko a haɗiye ta, lentes kan fito kusa da "lenteh" ko ma "lente", ta yadda sai mai sauraro ya dogara da kalmomin da ke kewaye kafin ya gane tilo ake nufi ko jam'i.

Asalin kalmar

Lente ta samo asali ne daga kalmar Latin lens, wadda ke komawa lentis ko lentem gwargwadon matsayinta a jimla. A Latin kalmar ba ta da wata alaƙa da gilashi. Sunan wani ƙaramin wake ne mai faɗi, wanda Larabawa ke kira adas, kuma har yau sunan kimiyya na wannan tsiro shi ne Lens culinaris. Ƙwayar adas kewayayya ce, tana da kauri a tsakiya, bakinta kuma siriri. Irin wannan siffa ce gilasan farko da aka goge domin ƙara girman rubutu suke da ita, don haka masana suka ara musu sunan waken.

Ba Sifaniyanci kaɗai ya bi wannan hanya ba. A Faransanci lentille na nufin waken da gilashin gaba ɗaya, haka Linse a Jamusanci. Italiyanci na kiran gilashin lente, waken kuma lenticchia. Larabci ma na kiran gilashin adasa, daga adas.

Sifaniyanci ya raba ma'anonin biyu tsakanin kalmomi biyu masu tushe ɗaya. Waken shi ne lenteja, daga lenticula, wato "ɗan ƙaramin lens". Wannan kalma ta daɗe a bakin jama'a, ta sha irin sauyin sautin da ya mayar da auricula ta zama oreja (kunne), apicula ta zama abeja (ƙudan zuma), ovicula ta zama oveja (tunkiya). Ita kuwa lente ta shigo ne ta hannun masu ilimi, waɗanda suka ɗauko ta daga rubuce-rubucen Latin na kimiyya, shi ya sa ta fi kama da uwarta. Daga tushen nan ne kuma aka sami lentejuela, ƙananan faranta masu ƙyalli da ake ɗinkawa a jikin tufafi, da sifar lenticular, wadda ake faɗa wa duk abin da ke da siffar adas, kamar wani irin gajimare da ke taruwa a kan tsaunuka, ko wani rukuni na tarin taurari.

Kalmar lento ko lenta, mai nufin "mai tafiyar hawainiya", ba 'yar'uwarta ba ce duk da kamar da suke yi. Ita daga lentus ta fito.

Jinsi: el lente ko la lente

Sifaniyanci, kamar Hausa, yana raba sunaye zuwa namiji da mace. Bambancin shi ne Hausa na ajiye jinsi idan suna ya koma jam'i, amma Sifaniyanci na riƙe da shi: el da los na namiji ne, la da las na mace. Yawancin sunayen da suka ƙare da o maza ne, masu ƙarewa da a kuma mata. Wasalin e ba ya nuna komai. Ana cewa el diente (haƙori) da el puente (gada), amma la gente (mutane) da la fuente (maɓuɓɓuga). A Latin lens mace ce, amma da ta shigo da e a ƙarshenta sai ta rasa alamar da za ta tsayar da ita a gefe ɗaya.

Hukumar kula da harshen ta Sifaniya, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta sanya lente a cikin sunaye masu jinsi biyu, kamar mar (teku) da azúcar (sukari). Irin waɗannan daban suke da kalmomi kamar cometa, inda el cometa ke nufin tauraro mai wutsiya, la cometa kuma abin wasan takarda da yara ke tashi a iska. A cometa sauya jinsi na sauya ma'ana dole. A lente kuwa babu jinsin da aka haramta wa kowace ma'ana, sai dai akwai abin da kunne ya saba da shi. Ƙamus ɗin warware shakku mai suna Diccionario panhispánico de dudas, wanda hukumar ta fitar a 2005 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, ya bayyana yadda al'adar ta kasu. Idan guntun gilashin ake nufi, mutanen Sifaniya na mayar da kalmar mace, mutanen Amurka kuma na amfani da duka biyun amma sun fi karkata ga namiji. Idan tabarau ake nufi, kalmar na zuwa a jam'i kuma galibi namiji a ko'ina.

Saboda haka jimloli biyu da suka bambanta da harafi ɗaya kan nufi abu biyu. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Madrid da ya ce "limpia las lentes" yana nufin a goge gilasan na'ura. Uwa a birnin Meziko da ta ce wa ɗanta "limpia los lentes" tana nufin ya goge tabarau ɗinsa. Sifa ma na bin jinsin: una lente cóncava a Sifaniya, un lente cóncavo a Peru ko Benezuwela. Kuskuren da ya fi fitowa a rubutun ɗalibai shi ne gauraya biyun, a rubuta el lente cóncava, wanda ba daidai ba ne a kowace ƙasa. Littattafan kimiyya da ake bugawa a Latin Amurka su ma sau da yawa suna rubuta la lente ko da masu karanta su el lente suke faɗa a gida, don haka mace ce zaɓin da ya fi aminci ga mai rubutun makaranta ko mai fassarar takardar kimiyya.

Ma'anarta a kimiyyar haske

Ilimin haske da gani ana kiransa óptica, kuma kalmar nan ce dai sunan shagon da ake sayar da tabarau. A wannan fanni ana raba lentes gida biyu. Lente convergente ita ce mai kauri a tsakiya, wadda ke tattara hasken da ya ratsa ta wuri ɗaya. Ita ce yara ke ƙona takarda da ita a rana. Lente divergente siririya ce a tsakiya, mai kaurin baki, kuma warwatsa haske take yi. Wurin da hasken ke haɗuwa sunansa foco, tazarar da ke tsakaninsa da gilashin kuma distancia focal. Ta fuskar siffa akwai biconvexa mai tudu gaba da baya, da bicóncava mai kwarmi gaba da baya, da planoconvexa wadda fuskarta ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, da menisco mai tudu a waje da kwarmi a ciki, wadda ita ce siffar yawancin gilasan tabarau na yau.

Ana auna ƙarfin gilashi da dioptría, ma'aunin da likitan ido na Faransa Ferdinand Monoyer ya gabatar a 1872. Lissafinsa shi ne a raba 1 da tazarar foco a mita. Gilashin da ke tattara haske a nisan mita 1 yana da dioptría 1, mai tattarawa a santimita 50 yana da 2, mai santimita 25 kuma 4. Gilashi mai tattarawa na ɗaukar alamar ƙari, mai warwatsawa na ɗaukar alamar ragi. Mai miopía, wanda ba ya ganin nesa da kyau, ana ba shi na ragi. Mai hipermetropía ana ba shi na ƙari, haka mai presbicia, wato raunin ganin kusa da ke zuwa bayan shekara 40, wanda jama'a ke kira vista cansada, "gajiyayyen gani". Astigmatismo kuma na buƙatar lente cilíndrica ko tórica, wadda lanƙwasarta ba ɗaya ba ce ta kowane ɓangare. A takardar gwajin ido ta Sifaniyanci, OD na nufin ojo derecho, idon dama, OI kuma ojo izquierdo, idon hagu.

Akwai wurare biyu da mai fassara daga Turanci kan yi tuntuɓe, domin Turanci na amfani da kalma ɗaya inda Sifaniyanci ke da uku. Na farko shi ne gilashin halitta da ke cikin ido. Sunansa cristalino, kuma shi ne ke dusashewa idan yanar ido ta kama mutum, ciwon da ake kira cataratas. Likita ba zai ce an cire wa majiyyaci lente ba, zai ce an cire cristalino an dasa lente intraocular, gilashin roba irin wanda Harold Ridley ya fara dasawa a Landan a 1949. Na biyu shi ne bututun gaban kyamara, wanda ke ɗauke da gilasai da yawa a jere. Sunansa na fasaha objetivo, kuma kowane gilashi da ke cikinsa shi ne lente. Masu ɗaukar hoto a Latin Amurka kan kira bututun gaba ɗaya el lente, kuma an saba da hakan har ba a ganinsa a matsayin kuskure. A madubin likita da na'urar hangen nesa, gilashin da ke fuskantar abin kallo shi ne objetivo, wanda ake kara ido a kai kuma ocular.

Kalmar ta faɗaɗa zuwa abubuwan da ba gilashi ba ne amma suna aiki irin nasa. Lente magnética na tattara ƙwayoyin lantarki a manyan na'urorin bincike. Lente gravitacional, ko gravitatoria, suna ne na yadda nauyin tarin taurari ke lanƙwasa hasken da ya taso daga bayansa. Lente de Fresnel kuwa gilashi ne na gaske, mai zobba a jere kamar matakala, wanda Augustin Fresnel ya tsara domin fitilun da ke yi wa jiragen ruwa jagora, aka kafa na farko a Cordouan ta Faransa a 1823.

Lentes da sauran sunayen tabarau

Mutum kusan miliyan 500 ne ke da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa, kuma ba su haɗu a kan suna ɗaya na tabarau ba. A Meziko, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu harshen, da Peru da Chile da Benezuwela, lentes ake cewa. A Sifaniya gafas ce kalmar yau da kullum, kuma ana jin ta sosai a Kolombiya. Mutumin Madrid zai gane lentes, amma za ta yi masa kama da maganar tsofaffi ko ta baƙo. A Ajantina da Kosta Rika ana cewa anteojos, kuma a Ajantina lentes na tafiya tare da ita. A Kuba da Puerto Rico kalmar ita ce espejuelos, daga espejo, madubi, wato "'yan madubai", wanda ya yi daidai da yadda wasu Hausawa ke kiran tabarau madubin ido.

Dukkan waɗannan sunaye jam'i ne ko da abu ɗaya ake nufi, kamar tijeras (almakashi) da pantalones (wando). Bahaushe zai ce "tabarau ɗina ya fashe", amma mai Sifaniyanci zai ce "se me rompieron los lentes", da aikatau a jam'i. Idan ana son ƙirga sai a ce un par de lentes ko unos lentes. Wanda ya shiga shago a Meziko ya ce yana son un lente, za a iya ɗauka gilashi guda ɗaya yake nema.

Sassan tabarau ma suna sauya suna. Abin da ke riƙe da gilasan montura ne a Sifaniya, armazón a Meziko da Ajantina. Gilasan da ke ciki cristales ne a mafi yawan wurare, micas a Meziko, lunas a Peru. Tabarau na rana shi ne gafas de sol ko lentes de sol ko lentes oscuros. Wanda likita ya rubuta kuma gafas graduadas ne a Sifaniya, lentes de medida a Peru.

Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido sunansa na kowa da kowa lentes de contacto, mace a Sifaniya, galibi namiji a Amurka. A maganar yau da kullum mutanen Sifaniya na cewa lentillas, Mezikawa kuma pupilentes, haɗin pupila, baƙin tsakiyar ido, da lentes.

Tarihin abin da sunayensa

Tabarau ya girmi kalmar lente a ma'anarta ta gilashi. Tushen ilimin da aka gina shi a kai ya haɗa da Kitab al-Manazir na Ibn al-Haytham, wanda Sifaniyawa ke kira Alhacén, littafin da ya rubuta a Masar a farkon ƙarni na 11, aka fassara shi zuwa Latin bayan kusan ƙarni biyu. An ƙera tabarau na farko a arewacin Italiya wajen 1286. Da ya iso Sifaniya an kira shi antojos, daga ante da ojo, "gaban ido". Daga baya aka daidaita rubutun ya zama anteojos, aka bar wa antojo ma'anarta ɗaya, wato kwaɗayin wani abu da kan taso wa mutum ba zato, irin na mai ciki.

A 1623 aka buga littafin Uso de los antojos a birnin Sevilla. Marubucinsa, Benito Daza de Valdés, ɗan asalin Córdoba ne kuma magatakarda a kotun addini ta Inkwizishan, ba likita ba. Littafin na daga cikin na farko a duniya da suka yi bayani a tsare kan yadda ake zaɓa wa mutum tabarau. Ya bambanta gilashi mai tudu da mai kwarmi, ya kawo hanyar auna ƙarfinsu da ma'aunin da ya kira grados, kuma ya rubuta ɓangarensa na ƙarshe a matsayin tattaunawa tsakanin maƙerin tabarau da masu zuwa neman magani. Har yau ana cewa graduar la vista idan za a gwada ƙarfin idon mutum.

A wancan zamani tabarau ba shi da hannuwan da ke maƙale wa a kunne. Ana ɗora shi ne a karan hanci ko a ɗaure da zare. Hoton da El Greco ya zana wajen 1600 na wani babban limamin coci, wanda ake ɗauka Fernando Niño de Guevara ne, ya nuna tabarau da aka ɗaure da zare a bayan kunnuwa. Irin wanda ke matse hanci kuwa ya sami suna daga marubuci Francisco de Quevedo (1580–1645), wanda sanannen hotonsa ke nuna shi da kewayayyun gilasai, shi ya sa ake kiran su quevedos. Gafa tun farko sunan ƙugiyar ƙarfe ce da ake ja tsirkiyar wani irin bakan yaƙi da ita, kafin kalmar ta koma kan tabarau mai maƙalewa. Akwai kuma impertinentes, "marasa kunya", tabarau mai mariƙi da matan manya ke ɗagawa su ƙare wa mutum kallo, da antiparras, tsohuwar kalma da ta rage a raha a Sifaniya amma take nufin tabarau na ninkaya ko na kare ido a Ajantina da Chile.

Anteojo a tilo na nufin bututun hangen nesa, wanda kuma ake kira catalejo, daga catar (duba) da lejos (nesa). Mai ido biyu prismáticos ne a Sifaniya, binoculares a yawancin Amurka. Gilashin ƙara girma mai mariƙi kuma lupa ne, aro daga Faransanci, ko da yake ana cewa lente de aumento.

Amfani na adon magana

'Yan jarida da masu sharhi na amfani da lente a ma'anar mahangar da ake kallon al'amari ta cikinta, kamar a ce an dubi tarihin wata ƙasa "a través de la lente" na tattalin arziki. A jaridun Latin Amurka el lente kan tsaya a madadin mai ɗaukar hoton kansa, a rubuta cewa "el lente de" wane ne ya kama abin da ya faru. Amma idan binciken ƙwaƙwaf ake nufi, lupa ce ke da fili: mirar con lupa na nufin a duba abu dalla-dalla, estar bajo la lupa kuma a sa wa mutum ido. Yaran makaranta na tsokanar mai tabarau da cuatro ojos, "ido huɗu", a kusan dukkan ƙasashen, a Sifaniya kuma har da gafotas.

A wasu harsuna

Harshen Tagalog na Filifin, ƙasar da Sifaniya ta mulka fiye da shekara 300, ya ari lente da ma'anarta ta gilashi. A harshen Fotugal akwai lente mai ma'ana iri ɗaya, kuma mace ce kullum, amma tabarau óculos ne. Harshen yana da wata tsohuwar lente ta daban mai nufin malamin jami'a, wadda ta fito daga kalmar Latin ta "mai karantawa". A harshen Holan kuwa lente sunan lokacin shekara ne da ke biyo bayan hunturu, kuma ba ta haɗa komai da kalmar Sifaniyanci ba sai rubutu.